Lambar 2,147,483,647: Katangar da masu rubuta manhaja ke mantawa da ita

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin malaman lissafi da matasanmu masu rubuta manhaja kan lamba guda: 2,147,483,647.

Samunta ba wuya. Ka ninka 2 da 2, abin da ya fito ka sake ninka shi da 2, haka har 2 ta shiga sau 31, sannan ka cire 1. Tana cikin lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da 1 ko da kansu, irin su 7 da 13. Waɗanda aka samo ta wannan hanya ana kiransu lambobin Mersenne, sunan wani limamin coci Bafaranshe, kuma ita ce ta takwas a jerin waɗanda ba sa rabuwa daga cikinsu. Amma kada ɗalibi ya ɗauka dabarar tana ci kullum. Gwada da 11 a maimakon 31: za ka samu 2,047, wadda 23 sau 89 ce.

Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar da rashin rabuwarta a 1772, lokacin kusan ba ya gani. Bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Na farko, babu buƙatar wuce 46,340, domin 46,341 sau 46,341 ya riga ya zarce ta. Na biyu, duk abin da zai raba ta sai ya bar saura 1 ko 63 idan an raba shi da 248. Da haka gwajin ya dawo ƙasa da 400. Ni a ganina wannan tankaɗe da rairaya shi ya kamata a koyar a aji, ba haddar amsa ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Kwamfuta kan ajiye lamba a gurbi mai bit 32 (bit ɗan wuri ne da ke ɗaukar 0 ko 1 kawai), ɗaya na alamar sama ko ƙasa da sifili, 31 na ƙirga. Iyakar gurbin ita ce wannan lamba. Ƙara 1 kawai, a manhajoji da yawa sai ta juye ta koma 2,147,483,648 ƙasa da sifili, ba ko gargaɗi. Wanda ya rubuta manhajar shago yana ƙirga kuɗi da kwabo, gurbinsa ya cika a naira 21,474,836 da kwabo 47. Kuɗin mota ɗaya ke nan a yau, sai ciniki ya bayyana a matsayin bashi.

Haka agogon na'urorin da ke ƙirga daƙiƙa tun 1 ga Janairu 1970 a irin wannan gurbi. Zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 3:14:07 agogon GMT, wato 4:14:07 na asuba agogon Najeriya da Nijar, daga nan ya koma Disamba 1901.

Maganin shi ne a koma gurbi mai bit 64, a manhajar da ma'ajiyar bayanan duka, don gyara ɗaya a bar ɗaya aikin banza ne. Kafin a miƙa aiki, a shigar da 2,147,483,647, a ƙara mata 1, a ga abin da allo zai nuna.

Wassalam,
Wani malamin lissafi, Zariya