Wasiƙar Sashen Kiɗa: Me ya sa yaranku ke rera busa da baki kafin su taɓa saksofon

Iyaye da masu riƙon yara, assalamu alaikum.

Wasu daga cikinku sun tambaya dalilin da ya sa 'yan ajin busa suke komawa gida ba takardar kiɗa, sai guntun sauti a waya da za su yi ta saurare. Hanya ce da muka ɗauko daga aikin wani malami ɗan ƙasar Norway, John Pål Inderberg.

An haife shi a 1950 a garin Steinkjer. Ya fi shahara da busa saksofon na baritan, babban nan mai kaurin murya. Yana cikin malaman farko na sashen jaz (wani salon kiɗa da ya samo asali a Amurka) da aka buɗe a makarantar kiɗa ta birnin Trondheim a 1979, wadda daga baya ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Norway (NTNU), kuma ya shafe shekaru masu yawa yana koyarwa a can. Ya yi busa tare da Lee Konitz da Warne Marsh, Amurkawa biyu almajiran Lennie Tristano, makahon mai kaɗa fiyano a New York. A zamaninsa, Tristano yakan sa ɗalibi ya haddace busar manya irin su Lester Young, ya rera ta da bakinsa daidai, kafin ya nemo ta a kan kayan busa. Wannan tsari na fara koyo da kunne shi Trondheim ta yi suna da shi. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ɗan mai algaita ma da kunne yake ɗaukar take, ba da takarda ba.

Ga yadda aikin gida zai kasance. Yaro zai saurari guntun da aka ba shi, wanda bai wuce daƙiƙa 20 ba, har ya zauna masa. Sai ya bi shi da murya, numfashi inda mai busar ya yi numfashi. Idan gudun ya yi masa yawa, a rage shi a wayar. Daga nan a kashe sautin ya rera shi kaɗai. Sai ya iya wannan ba tuntuɓe sannan zai ɗauki saksofon. Minti 15 zuwa 20 kullum sun fi awa biyu ranar Asabar kawai. Inda aka fi samun matsala shi ne gaggawa: yaro ya tsallake rerawa, yatsu su yi ta lalube, ya haddace kuskure, gyaransa kuma ya fi koyon farko wuya. Guntayen ba su da kalmomi, kuma kuna iya saurarensu tukuna.

Sai kula da kayan, musamman da hunturu. Sautin yana fitowa ne daga siririn harshen kara da ake ɗaurewa a bakin busa. Masu farawa su tsaya kan lamba 2 ko 2.5, wanda ya fi haka tauri yakan sa yaro cizo, sai ƙara mai tsini ta fito. A jiƙa harshen da ruwa minti ɗaya ko biyu kafin busa, a cire shi bayan an gama, a mayar cikin gidansa. Idan aka bar shi a ɗaure, busasshiyar iska za ta lanƙwasa bakinsa ko ta tsaga shi. Kowane yaro ya riƙe uku yana juyawa, kuma ba a aron na wani.

A zura ƙyallen gogewa cikin jikin saksofon da wuyansa bayan kowace busa. Danshi da ƙura suna taurara fatun da ke rufe ramuka, iska ta riƙa zurarewa, sautukan ƙasa su ƙi fita. Idan kun ga haka, kada a lanƙwasa maɓalli da hannu, a kawo wa malami. Yaro ya kurkure baki in ya sha lemo ko alewa, don sukari na sa fatun mannewa.

Kowa zai fara da saksofon na alto, mai nauyin kilo biyu da ɗoriya, da igiyar rataye a wuya. Baritan irin na Inderberg ya ninka haka fiye da sau biyu, sai manyan aji. Don Allah a zaɓa wa yara lokacin da ba na salla ba ne, ba kuma na barcin maƙwabta ba.

Mun gode,
Malaman Sashen Kiɗa