Wasiƙa Zuwa ga Babarbaren Fatakwal

Ƙofar Ƙaura, Katsina

Assalamu alaikum, bawana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Madam da yara. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan hunturu ya fara leƙowa, leɓe duk ya tsage. Hajiya na gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko a cikin kifi aka ba ka abin da ya mantar da kai hanyar gida.

Maganar filin nan ce ta sa na ɗauki biro. Mai shi ya sake zuwa, yana son ya ji ko kana ciki ko ya ba wani.  Amma bari in faɗa maka abin da ya hana ni zama tun Juma'a: Yaya ya tuƙa mota. Shi da kanshi, daga ƙofar gida har Batagarawa, ya juyo ya dawo. Na san za ka ce to mene ne abin labari ga mutumin da ya tsufa a kan sitiyari. Ba ka san halin da aka shiga ba ne, don Hajiya ta kafa doka kada maganar ta fita daga gida. Yanzu shi ya ce in faɗa maka.

Ka tuna lokacin da aka tare hanya tsakanin Jibiya da Batsari, har ka bugo kana jajantawa? Motarshi na bayan waɗanda aka tare. Ya yi ribas ya tsira da fasinjojinshi, ko ƙwarzane babu. Muka yi sadaka, muka ce an tsallake. Ya ci gaba da aikinshi kamar ba a yi ba. Can wata rana yana lodi a tasha sai gabanshi ya kama dukan uku-uku, zufa ta karyo, numfashi ya ƙi, yatsu suka yi sanyi. Ya yi kalmar shahada, ya ce ma yaron mota ya kira gida. Kafin a isa asibiti abin ya lafa. Aka auna jini, aka yi gwajin zuciya, aka ce garau yake.

Daga nan muka shiga zagayen da ka sani. Mai kemis ya ce taifot ne da maleriya, aka sha allurai. Wani ya ce olsa. Gwaggo ta rantse iska ya gamo da ita a dajin, aka kawo mai ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Wani abokin tasharshi ya ba shi Valium don barci, ta yi mashi aiki da farko, daga baya sai ya ƙara kafin ido ya rufe. Ya miƙa ma yaro makullin mota. Ya bar majalisa. Har masallacin Juma'a ya daina zuwa saboda cunkoso. In salansar babur ta yi ƙara a layi sai ka ga ya zabura. Yayan da ke hana mu barci da labarin Agadas, shi ne ya koma sai ka yi mashi tambaya uku ya amsa ɗaya.

Maƙwabciyarmu nas ita ta fara cewa a kai shi sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Wai! Hajiya ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne. Ban ga laifinta ba. Ɗiyan Yaya mata sun isa aure, tana gudun a ce gidan akwai hauka. Kuma mutumin Katsina in aka ce gyaran hankali, abin da ke faɗo mashi shi ne gidajen marin da 'yan sanda suka kai ma samame a Daura da nan cikin gari a watan Oktoba na 2019, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Mu kanmu tun muna makaranta asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware da Barnawa da Dawanau abin tsiya ne a bakinmu, kai ka fi kowa alkawarin kai ni Dawanau a bayan akori-kura. Limamin unguwarmu ne ya shawo kan Hajiya. Ya ce Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya umarci bayi da neman magani, kuma shi da kanshi yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. A ci gaba da addu'a, a kuma je asibiti. Ni na raka shi.

Likitan ya daɗe yana tambayoyi: barci, cin abinci, mafarki, har ko ya taɓa jin gara ya mutu. Ya ce abu biyu ne. Firgicin ranar nan bai sake shi ba, sannan zaman ɗaki ya ɗora mashi ciwon damuwa a kai. Ya rubuta ƙwaya guda a rana, ya ja kunnenmu cewa irinta takan ɗauki sati biyu zuwa huɗu, wani ma shida, kafin a ji canji, kuma ko an ji sauƙi a ci gaba da sha aƙalla wata shida, kada a yanke rana ɗaya. Valium kuwa ya ce a janye ta sannu-sannu, don jiki na sabawa da ita. Sai ya tura mu wajen wata mata, masaniyar halayyar ɗan Adam, wadda ba ta allura ba ta rubuta magani. Yaya ya dube ni ya ce, “Yanzu kuɗin kati na biya don a yi hira da ni? Ai ga majalisa can kyauta.”

Babarbare, ba hira ba ce. Aiki ne, har da na gida. Ta sa ya sayi littafin 'yan makaranta. Farko ta bayyana mashi abin da ke faruwa a jikinshi: bugun zuciya da numfashi sama-sama da zufa shirin gudu ne da jiki ke yi in ya hango haɗari, wato abin da ya cece shi ranar ke nan. Ta ce mashi, kai direba ne, ka san motar da ƙararrawar ɓarayinta ta lalace, ko akuya ta goge ta sai ta tashi unguwa? Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarshi har na manta. Ta ce irin wannan tashin yakan kai ƙarshen ƙarfinshi cikin kamar minti goma sannan ya sauka, kuma ba ya kisa. Abin da ke rura shi shi ne zuciya ta raya ma mutum cewa mutuwa ce ta zo, tsoro ya ƙaru, bugun ya ƙaru. Ta koya mashi jan numfashi a hankali da sakin shi a hankali. A littafin kuma yana rubuta abin da ya faru, abin da zuciya ta raya mashi, sannan hujjar da ke goyon bayan wannan rayawa da wadda ke ƙaryata ta. Da ajami yake rubutawa don kada yara su karanta.

Sai maganar gudu. Ta ce duk ranar da ya kauce ma mota yana samun sauƙi na ɗan lokaci, tsoron kuma ya ƙara samun gindin zama. Suka jera matakai tun daga mai sauƙi. Ya zauna cikin mota a ƙofar gida ba tare da ya tada ta ba, kuma kada ya fito sai tsoron ya ragu da kanshi. In wannan ya zama ba komai, ya tada inji. Sannan zagayen layi, sannan shataletale, sannan titin da ke da cunkoso. Yaran unguwa har sun fara cewa Baba na gadin motarshi.

Af, kafin in manta. Ango ya ƙara aure! Wallahi. Shi da ya rantse mana a gaban mai shayi cewa ko kyauta aka ba shi ba ya so. Uwargidan ta yi yaji, an dawo da ita da firij. Mai shayin kuma ya ce in tuna maka akwai tsohon lissafi, ya ce Barebari ba sa biyan bashi sai an kai su gaban Shehu. Ni dai na ce bawana ne, zan biya mashi in na sayar da shi.

Mu koma. Abin da ya sa na sakankance da matar nan shi ne ba ta taɓa ce ma Yaya hanya lafiya lau take ba. Da ta faɗi haka da na ɗauke shi mun tafi, don ƙarya ce, mu da ke nan mun san abin da ake ciki a Batsari da Safana da Faskari. Na je da zargin cewa abin Turawa ne, an tsara shi don waɗanda tsoronsu na cikin kai ne kawai. Sai ta ce tsoron waccan hanya hankali ne, kuma komawa kanta ko barinta shawararshi ce da iyalinshi. Abin da suke gyarawa shi ne tsoron da ya biyo shi har cikin ɗaki, har cikin sahun sallah, inda babu ɗan bindiga.

Zaman da ya fi wuya ba na ciki, ta ce in jira a waje. Ta sa ya ba da labarin ranar daga farko har ƙarshe, kuma ba sau ɗaya ba. A hanyar gida ya faɗa mani abin da bai taɓa faɗa ma kowa ba. Lokacin da yake juyawa ya hango ta madubi ana fito da mutanen motar gaba, akwai wani dattijo da ya sha ɗauka. Tun ranar yake ganin ya gudu ya bar su. Ta tambaye shi, da ya tsaya me zai iya yi da hannu biyu, kuma mutum nawa ya mai da ma iyalansu a daren? Ya ce bai taɓa lissafa na cikin motarshi ba.

Kada ka ɗauka tafiya ce sumul. Da hawan Sallah, ƙarar bindigogin gargajiya daga wajen Ƙofar Soro ta mai da shi ɗaki, ya ce duk aikin banza aka yi. Ta ce dama ana samun haka, suka koma mataki na baya suka sake hawowa. Har yau in dare ya yi wani lokaci yakan farka a firgice.

Ka san ni da tone-tone a waya. Hanyar da ta bi da shi suna kiranta CBT, gyaran tunani da ɗabi'a, wani likita a Amurka mai suna Aaron Beck ne ya kafa ta a shekarun 1960, kuma yawanci zama ne na sati-sati, tsakanin 6 zuwa 20, ba abin da za a yi ta yi har abada ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon damuwa sun kai miliyan 280, kusan biyar cikin kowane baligi ɗari. Ka ƙirga 'yan majalisarmu ka gani. Mu kuma a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwa ba su cika 300 ba. Marigayi Baba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958 da ke kallon mara lafiya a matsayin wanda za a kulle. Doka ta yi kyau, amma matar da aka kashe ma miji a ƙauye, ta kwana a daji da goyo, wa zai zauna da ita da littafi? Mu da ke cikin gari ma sai mun yi sammako mun bi layi.

Abin da ya burge ni na Zimbabwe ne. Wani likitansu, Dixon Chibanda, da ya ga ba su da ma'aikata sai ya horar da tsofaffin mata, suna zama a kan benci a harabar asibitin unguwa, mai damuwa ya zo su yi zama shida suna warware matsalolinshi ɗaya bayan ɗaya. An gwada, an buga sakamakon a 2016, kuma ya yi aiki. Na ba Hajiya labari ta ce ai wannan aikinta ne tun kafin a haifi likitan. Na ce banda Gwaggo, don ita kafin ka kai bakin ƙofa sirrinka ya riga ka zuwa Rafindadi.

To, kai kuma fa? Kada ka yi mani dariyar nan taka. Saƙonninka ƙarfe ukun dare suke shigowa. Madam ta faɗa ma maman yara cewa tun da aka rage ma'aikata a wurinku abinci sai ta yi da gaske, ƙwallo ma ka daina kallo, kai da ke zagin alƙalin wasa ta cikin talabijin. Ba na ce ciwon Yaya ke gare ka ba, ni ba likita ba ne. Abin da na ji da kunnena dai shi ne, in mutum ya yi sati biyu zuciya a cunkushe kusan kullum, abin da yake so ya fita daga ranshi, barci da ci suka rikice, to ya isa dalilin ganin likita, kamar yadda za ka je don hawan jini. In kuma wani tunani ya taɓa zo maka na cewa gara ba ka, ka kira ni ko ƙarfe nawa ne, kuma ka je asibiti a ranar. Ba zan faɗa ma 'yan majalisa ba. Tsiya dai zan yi maka, wannan haƙƙina ne na gado.

Yaya ya ce in kana so ka bugo mashi, ya fi ni iya bayanin numfashin. Yanzu har ya fara damun mutane da shi, jiya na tarar ya tsare mai gyaran taya yana koya mashi.

Akwai direban tirela da zai taso ranar Laraba, zan ba shi kilishi da ƙuli-ƙuli da daddawar Hajiya. Daddawar ta Madam ce, kada ka ce ba a faɗa ba. Ka gaida yara, ka ce ma ƙaramin har yanzu ina jiran hoton haddarshi.

Naka,
Ɗan Hajiya