Addu'ar dare da lasifikar waje

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan koke-koken jama'a game da ƙarar lasifika daga wuraren ibada cikin dare. A matsayina na Kirista mazaunin Zariya, da ikkilisiyoyinmu nake magana.

Bangaskiyarmu ba ta koyar da cewa sai an ɗaga murya Allah yake ji ba. A 1 Sama'ila 1:13, Hannatu ta yi addu'a leɓunanta na motsi, ba a jin muryarta, har Eli firist ya zaci ta bugu, amma Allah ya ba ta ɗa, Sama'ila. A Dutsen Karmel annabawan gunkin nan Ba'al sun wuni suna ihu ba amsa, Iliya ya yi gajeriyar addu'a, wuta ta sauko. Yesu kansa, a Matiyu 6, ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa, domin Uba ya san bukatarmu tun kafin mu roƙa.

To, wa lasifikar da aka ɗaure a kan rufi take yi wa amfani da ƙarfe biyun dare? Masu addu'ar suna ciki. Wanda ƙarar ke isa wurinsa shi ne mara lafiya a maƙwabta, da ɗalibin Samaru mai jarrabawa da safe.

Ina roƙon fastoci da dattawan ikkilisiya a Wusasa, Sabon Gari da Samaru su cire wayar lasifikar waje daga ƙarfe 10 na dare. A bar lasifikar ciki, a juya bakinta ga masu sujada, a rage sauti, a kuma matsar da janareta daga jikin katangar maƙwabci.

Naku,
Wani mai karatu, Wusasa, Zariya