Zuwa ga Abba, kan aikin nan da aka kira ka

Assalamu alaikum Abba, ya Kano ya aiki. Ƙaninka ke danna min wannan ina faɗa masa, idona ba ya son hasken waya yanzu.

Maganar da ka kawo ranar sallah wallahi ta tsaya min a rai, ka ce za ka shiga cikin masu haɗa manhajar da ke kulle saƙo yadda ko su masu ita ba sa iya karantawa, kana tsoron kar masu garkuwa da mutane su yi aiki da ita alhaki ya hau kanka. To ni dai ban ga laifin kwaɗo ba. Allah da kansa ya hana bin diddigin sirrin juna. Innarka in tana gaya wa yayarka ciwonta ta WhatsApp har murya take ragewa don kunya, ai ba za ta so wani ƙato ya ji ba, kuma kai ka ce min tun 2016 suka kulle saƙonsu haka.

Amma ka tuna maƙerin nan da muke zama gunsa ran Alhamis a kasuwar Maigatari, lauje da wuƙa da adda kowa ya zo sayar masa yake ba tambaya, sai ranar da wasu baƙin samari suka same shi bayan isha suna son adduna da yawa kuma ba lokacin sharar gona ba, ya ce musu wuta ta mutu, gari na wayewa ya tafi gun mai unguwa. Malamanmu ma sun hana sayar da makami lokacin fitina. Abin da ya sani a daren nan shi za a tambaye shi, ba ƙarfen ba.

Na ji a rediyo a watan Agustan 2024 an kama mai Telegram, Pavel Durov, a Faransa, zargin da ake masa har da ƙin ba hukuma haɗin kai kan ɓarnar da ake yi a dandalinsa. In ɓera da sata daddawa ma da wari.

Ka karɓi aikin da bismillah, amma kafin ka sa hannu ka tambayi ogan naku, in an kawo ƙarar wani da hujja me kuke yi masa? In ya ce babu ruwansu ka dawo gida, gona na nan.

Innarka ta ce kar ka manta maganin ƙafarta.

Babanka.