Almajiran Indiya na dā da namu na Damagaram

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tsoma baki a gardamar makarantun allo. Ina koyar da tarihi a nan Damagaram, kuma a zauren wani alaramma na Garin Malam na sauke Alƙur'ani.

Masu cewa tura yaro gidan malam koma baya ne su dubi Indiya ta dā. Ɗan gidan Brahman, wato malaman addinin Hindu, yakan bar ubansa yana shekara 8, a rataya masa zare a kafaɗa, ya tare gidan malaminsa, guru, galibi na shekara 12. Shi ke yo itace, ya kula da wutar ibada, ya kai shanu kiwo, har bara yakan fita ya kawo wa malam abin da ya samo. Ba allo ba tawada, daga bakin malam sai kunnen yaro. Da haka suka riƙe Rigveda, waƙoƙin ibadarsu guda 1,028, sama da shekara 3,000. In yaro ya haddace baiti, sai a sa shi ya kawo shi kalma-kalma, sannan bibbiyu, ta farko da ta biyu, ta biyu da ta uku, sannan ya yi gaba ya dawo baya, don kada harafi ko karin murya ya zame. Duk mahaddaci ya san wahalar wannan. A 2003 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa karatun nan cikin gadon ɗan Adam.

Ba aƙidarsu nake yabo ba. Sun ma hana Shudra, na ƙasan al'umma, wannan karatu, alhali zaurenmu bai taɓa korar ɗan talaka ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne guru yakan riƙi yaron kamar ɗan cikinsa, ya ji karatunsa da kunnensa, kuma sai bayan an kammala ake kai masa kyauta. Haka alarammanmu ya riƙe mu. Yau uba zai kawo kolo daga Magarya ko Matamaye, ya damƙa, ba a sake ganinsa. Yara sun fi ƙarfin malam, gardi ke biya musu, yunwa ta kore su tasha tun hantsi. Yaushe za a yi tilawa?

Roƙona ga fadar Sarkin Damagaram da manyan malamanmu: a ƙayyade yaran da malami ɗaya zai karɓa, kuma kada a karɓi yaro sai ubansa ya yi alkawarin kawo hatsi kowace kaka, ya zo ya ji haddar ɗansa.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga unguwar Birni, Damagaram