A Koya wa Ɗalibai Ƙaga Rubutu, Ba Nazarinsa Kaɗai Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili domin in yi kira ga manyan makarantunmu da su ware darasin ƙagaggen rubutu. A kwalejin da na yi karatu, shekara uku muka yi muna feɗe waƙoƙin magabata, muna bin karinsu da amsa-amonsu, amma ba a taɓa sa mu tsara baiti ɗaya namu ba, balle malami ya bi shi da jan biro. Abin da ciwo a Sakkwato, garin da Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta rubuta waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, 'yan taru, wato mata almajiranta, suna haddacewa suna kaiwa ƙauyuka. Ko awa biyu a mako aka ba ɗalibi ya karanta labarinsa a gaban aji a gyara masa, sun isa a fara.

Naka,
Wani malamin firamare, Mabera, Sakkwato.