Maganar fentin gidanka

Assalamu alaikum mutumina, ya aiki, ya iyali da yara? Da fatan kowa lafiya. Na ga saƙonka cewa an gama filasta saura fenti, Allah ya sanya alheri ya sa a shiga a sa'a. Ka ce in ba ka shawarar kala, to wannan kai da uwargida ku zaɓa, ni abin da ya dame ni shi ne irin fentin da inda za a shafa shi.

Da farko don Allah kar ka yi gaggawa. Sabon filasta yana son kamar sati 4 kafin ya bushe sosai, in aka rufe shi da danshi a ciki ko wane fenti ka saya sai ya kumbura ya dinga ɓarewa, wani lokacin ma ka ga wani farin abu kamar gishiri yana tsattsafowa. Ka manna leda a bangon da salatif ta kwana, in da safe ka ga raɓa a cikinta to da saura.

Ɗakuna da silin imalshan za ka sa, wato fentin ruwa, da ruwa ake sirka shi da ruwa ake wanke burushi, ba shi da wari sosai kuma bayan awa 2 zuwa 4 an iya yin shafi na biyu. Amma shi ma kala-kala ne. Akwai marar sheƙi, yana rufa wa bango asiri in filastan bai yi sumul ba, matsalarsa in yaro ya dafa da hannu mai maiƙo ka zo gogewa da tsumma sai wurin ya bar tabo. Shi ya sa falo, kicin da hanyar da yara ke bi ni imalshan ɗin da ake kira satin zan ce maka, yana ɗan sheƙi, ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ya fita tas, sai dai duk wani ƙulu ko rami a bango zai fito fili, dole a gyara bangon da kyau tukuna.

Gulos kuwa fentin mai ne, na ƙofa da taga da ƙarfe, da tina ake sirka shi, yana da ƙarko amma sai ya kwana kafin a ƙara shafawa, ga wari mai sa ciwon kai, a buɗe tagogi. Farinsa yana komawa rawaya a inda haske ba ya shiga. Kar ka yarda a shafa shi kai tsaye kan sabon siminti, sinadarin simintin yana cin man sai ya yi danƙo ya saɓule. Ƙarfe kuma a fara masa jan fentin nan mai hana tsatsa.

Waje a sa wanda aka yi don waje, mai jure rana da ruwan sama. Mai gurza-gurzan nan yana ɓoye ƙananan tsagewa amma yana riƙe ƙura.

Sai abu ɗaya da nake roƙonka saboda yaran, ka duba jikin gwangwanin fentin mai ka tabbatar an rubuta babu dalma. Tun 1978 Amurka ta hana ta a fentin gida amma har yau ana samunta a wasu ƙasashe, kuma ƙurarta tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara.

Ka turo min hoton bangon in gani kafin ku fara. A gaida mutanen gida.

Naka har kullum.